A Jikina Aka Gwada Rigunan

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake a nan garin Gort, can nesa da ku, haƙarƙarina ne kawai ke ɗan ciwo.

Ƙungiyar ƙwallon garin nan da na shiga, da har yau ba su sa ni wasa ba, za ta sayi riguna. Kamfanoni uku suka aiko nasu a gwada. Kocinmu Fintan ya ce, "Ɗan Brazil, zo ka yi mana amfani." Ina sa riga, ƙatonmu Mossie yana ja na cikin taɓo. Biyu suka yage, aka zaɓi ta ukun.

Mama, da za a sayo, Fintan ya tambayi girman rigata! Mossie ya ce, "Ta yara ta ishe shi."

Ki yi mini addu'a, ran Lahadi zan shiga fili.

Ɗanki,
Edvaldo