Makullin Mai Kemis

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi?

Yaya, ni dai ga abin da ke damuna. Na tsinci wani ɗan makulli a aljihun baban yara, kuma ba na gidanmu ba ne, ba na tasinsa ba. Maƙwabciyata ta ce kullum sai ta ga motarsa a ƙofar kemis ɗin bakin kasuwa, na wata bazawara mai fararen haƙora. Na je na laɓe, na gan shi da idona ya zagaya bayan shagonta yana sauri kamar ana korarsa. Ya daɗe kafin ya fito yana share gumi. A gida kuwa sai juya baya da tsaki. Tsufa ya zo, wai yanzu ne zai fara rawar kai! Makullin dai na ɓoye shi, in ga ta inda zai shiga.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, daga asibiti nake rubuto miki. Fitsari ne ya ɗauke wa baban yara ɗif, mararsa ta kumbura, yana kuka da hawaye, mutumin da ko a rasuwar mahaifinsa ban ga hawayensa ba. Sai da aka sa masa robar fitsari ya samu kansa.

Likita ya ce wata ƙwaya ce ta maza a ƙasan mafitsara, takan girma da shekaru ta matse hanyar fitsari. Ga maganin mura da yake sha, ga taurin bayan gida, ga riƙon fitsari a mota, duk suka taru a kansa. Makullin nan ashe na banɗakin kemis ne. Matar ta ba shi don ya riƙa rage fitsari tsakanin lodin fasinja. Da na ɗauke, kunya ta hana shi roƙon wani, ya yi ta riƙewa.

Za ki ce in gode Allah, na kuwa gode. Amma Yaya, kishin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Mai kemis ɗin ta daɗe tana ce masa ya ga likita, ni da nake wanke wandunansa ban san komai ba. Jiya ta zo dubiya, ya yi ta ba ta labarin jakar fitsarinsa har da dariya. Ina shigowa ya ja zane ya rufe jakar.

Da ma sonta yake yi, da na san faɗan da zan yi. Wannan kuwa wa zan kai wa ƙara, cewa mijina kunyata yake ji kamar baƙuwa?

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta