Kada Ki Ɗauki Darasin Tsofaffi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da littattafanki. Allah ya ƙara basira, ya sa a gama lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma shago. Gwaggo tana nan yadda kika san ta, ta zo dubiya ta tafi ta bar mutum da ciwon kai. Mama tana ci tana sha, sai dai ta rame. Na zaɓi in rubuto miki ne, domin a waya mutum ba ya rufe baki sai kin ce kin fahimci yadda yake ji, ni kuwa maganar nan haushi take ba ni.

Na ga saƙonki game da darussan zangon da za ku shiga. Kin ce na ƙididdiga dole ne, to Allah ya ba da sa'a, dama ke da lissafi ba ku taɓa shiri ba. Saura biyu da suka faɗo a lokaci ɗaya, na halayyar ƙananan yara da na tsufa da ciwon mantuwa. Kin ce hankalinki ya fi kwanciya da na biyun, saboda malamar tana so kowane ɗalibi ya samo tsoho ɗaya da zai bibiyi halinsa har ƙarshen zango, ke kuma Allah ya hutar da ke nema tunda ga Mama a gida. Har da cewa in riƙa ɗaukar miki ita a waya duk lokacin da abin ya motsa. Wallahi da na zo wurin nan sai da na yi dariya har da tafi. Ashe uwar tamu ta zama kayan aiki ban sani ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya biyo bayan kiran bidiyon da kika yi mana kwanaki, tunda ba ki tambaya ba. Kin ce Mama ta riƙe kalmomi uku, cokali, taga, agogo. Kika ja ta da hira da muryar nan taki ta likitoci, sannan kika ce ta maimaita. Ta tuna cokali, sauran suka gudu. Kika ce ba komai, kika sunkuya kina rubutu, kika ce lokacin aji ya yi, kika kashe. A wajenki an gama ke nan. Amma matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da 'ya'yan mutane ta gane sarai jarrabawa aka yi mata, kuma ta faɗi. Ranar ko ruwa ba ta karɓa ba. Ta yi ta zagaya falo tana taɓa kaya, tana tambayata ko labule ne aka ce, ko kujera. Da la'asar na same ta a ƙofar banɗaki ta jiƙa zaninta, tana kuka tana roƙona kada in gaya wa malama. Ni na wanke ta, ni na wanke zanin. Ki sa wannan a rahotonki in kina so, na ba ki kyauta.

Don haka shawarata ita ce ki ɗauki na yara. Su in kin sa su kuka, alewa ɗaya ta isa, kuma iyayensu na nan tsaye a kanki. Kin kuma tambaya ko ki yi rajistar aikin gwaji na asibiti da ake yi lokacin hutu, ko ki taho gida. Yi rajistarki, 'yar uwa, kada ki bari wuri ya cika. Babu wanda ke zuba idon ganinki a nan, kuma zan gaya miki dalili.

Mama ta daɗe tana kirana da Auta. Da farko ina gyara mata, in ce ni ce babbar, sai ta je ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen hanya har ƙafafunta su kumbura. Wata safiya ina taje mata kai ta kira Auta, sai kawai na amsa. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce dama ta san ni ce ba zan tafi in bar ta ba. Tun daga ranar take sa mini albarka irin wadda na tashi ina jin ana sa miki ina gefe ina wanke-wanke. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji, kuma ba na jin kunyar hakan. Hotonki na falo na sauke shi saboda yana rikita ta. Ke kuwa ta wayar, malamar jarrabawa take ce miki, tsoronki take ji. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan bar ki ki shigo mata ɗaki ba, ni kuma kin san ba na saɓa wa Mama. Duk ranar da kika zo, za ki yi sallama ki zauna a falo kamar kowace baƙuwa.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Ki gaida Baffa da iyalinsa idan kin leƙa su, ki ce muna godiya da ɗawainiya. Mama ma ta ba ni saƙo. Jiya da hantsi tana zaune sai ta zabura ta ce taga ce, ta tuna. Ta ce in roƙi malama ta yi haƙuri, ta ukun ma tana nan tana nema.

Taki har kullum,
Yayarki, wadda Mama ke kira Auta.