Ba Wanda Ya Kira Sunana Yau

Laraba da dare, Onitsha

Na kasa barci. Da na sani ban buɗe gurup ɗinmu na masu karatu ba. Labarin soyayya nake jira, sai na tarar ana musu kan wancan littafin na birnin ƙarƙashin kogi, inda mutum yake dusashewa idan an daina kiran sunansa. Wasu na cewa mutuwa ce, wasu na cewa yana nan, ganinsa ne kawai ba a yi. Zee, wata 'yar gurup ɗin, ta rubuta, "Abeg, wanda ba a kira ai dama babu shi."

Na yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Yau wa ya kira ni? Mai okada "Hajiya" ya ce. Maƙwabciyarmu mai sayar da gari ta ce "fine girl". Umma kuwa tunda ni ce 'yar fari, kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunana ba, kullum "ke yarinyar nan". Kaka ce kaɗai take kiransa cikakke, ita kuma ta rasu bara.

Bayan isha'i na samu Umma tana ninke kaya. Na ce, "Umma, don Allah ki kira sunana, sau ɗaya kawai."

"Ke ba ki da kunya? Littattafan nan sun fara taɓa miki kai."

Na nace. Ta buɗe baki, sai ta tsaya tana kallona, kallon da ake yi wa baƙo. Sai aka ɗauke wuta.

Kunya ce. Na san kunya ce. Amma na faɗi sunan da kaina cikin duhu, kuma wallahi sai na ji kamar na wata ne.