Ni na karanta wa Yaya takardar likita

Assalamu alaikum masu wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshen maganata kafin ku tsine mini, ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Shekarar farin nan da aka riƙa rabon jar dawa, yayana ya baro garin Dogo ya sauka gidana a Damagaram, gonarsa ta ƙone. Shekara da shekaru yana fama da ƙwannafi, kullum da ƙullin kanwa a aljihu. Ga gyatsa mai tsami, ga wani gwangwanin tumatir da yake tofa yawu a ciki, ƙudaje na binsa. Wallahi ko inuwar gwangwanin nan na gani sai in kau da kai don ƙyama. Na ware masa kwano da moɗa kamar kuturu. In ya kai loma sai ta tsaya masa a ƙirji, ya yi ta kakari, ni ko in ce, "Yaya, mutane na tonon gidan tururuwa neman hatsi, kai tuwo kake yi wa yanga?" Sai ya ce, "Ba ya wucewa ne, auta."

Da maigidana ya kai shi wurin majo, mai duba marasa lafiya a ƙaramin asibiti, aka ba shi takarda da Faransanci. Ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, a danginmu, ni ya miƙa wa. An rubuta a kai shi babbar likita, wato babban asibiti, da gaggawa a duba maƙoshinsa. Na hango wata da watanni na jinya, da gwangwani a tsakar gidana. Na dubi idonsa na ce, "Cewa suka yi ka ci gaba da kanwarka, ka koma gida ka huta." Har albarka ya sa mini! Wace irin ƙanwa ce ke yin haka? Kafin damina ko kunu ba ya wuce masa. Da ya rasu aka ce sammu ne, na ce ƙwarai kuwa.

Sai daga baya wata likita ta gaya mini cewa tsamin ciki in ya daɗe yana ƙona maƙoshi, a wasu mutane yakan zama ciwon daji, kuma tsayawar abinci alama ce da ba a wasa da ita.

To, ga babban ɗansa yanzu, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ma da ƙwannafi da ƙullin kanwa. Ranar Juma'a na ga ya kora loma da ruwa har sau uku. Na ce ya tafi likita, ya yi dariya ya ce, "Haba Gwaggo, ba ke kika karanta wa Baba cewa likita ma kanwa ya ce ba?"

In na faɗi gaskiya na rasa shi da zumuncin duka. In na yi shiru, ƙaryar da ta binne uban za ta binne ɗan. Jama'a, me zan yi?