Ƙafar Kujerar Babana

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, sarauniyar bayan katangarmu,

Ya ke 'yar kafinta mai murmushi kamar ruwan farkon damina! Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma sai na aiko da takarda kamar kina bayan teku. Laifin wa? Laifin mangwaron nan da ya tsiro a kan iyaka, kakana ya ce nasa ne, kakanki ya ce nasa ne. Su sun kwanta dama, iyayenmu suka gaji gabar tare da keken ɗinki da zarto.

Kin tuna ranar da ɗaya ya faɗo gefenku, kika cillo mini, ya same ni a goshi? Kai, hannunki akwai saiti! Kumburin ya sace, ciwon ya gangara zuciya, har yau bai warke ba.

Dattawan unguwa sun zaunar da iyayen nan namu har sun gaji. Duk wanda ya buɗe baki sai ya faro daga kakanni, a tashi baram-baram. To ni yaya zan turo manyana gidan da ba a amsa sallamarmu? Wallahi ina tsoro, kada wani ya riga ni.

Shi ya sa na bar wa dattawa surutu, na sassauta ƙafar kujerar ɗinkin Baba, wadda ba ya iya zama a kan wata sai ita. Ya tokare ta da dutse, ya ɗaure ta da ƙyalle, daga ƙarshe ya ce in kai ta gidanku, ko katangar bai kalla ba. Mahaifinki ya jujjuya ta, ya yi tsaki, sai ya gane aikin wane ne. Ashe kakanki ne ya ƙera wa kakana ita! Ya gyara, har da fentin da ba wanda ya roƙa.

Saura ke, tauraruwata. Rigar nan ruwan toka da babanki yake ji da ita, ki bari ƙusa ta kama aljihunta. Kaɗan fa, kada ki yi mata irin na goshina! Tela ɗaya ne a layinmu, kuma jiya na kama Baba yana ware zare ruwan toka, alhali ba wanda ya kawo masa ɗinki mai wannan launi.

Naki har mangwaron ya daina 'ya'ya, har bayan nan ma,
Ɗan tela mai tabo a goshi