A Dawo Mini da Littafin Lissafina, Gabansa da Bayansa

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makarantarmu,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da malamanmu, zan fara da maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Ummata ba ta sani ba: ina rubuta littafin soyayya. To, ga shi na faɗa.

Ni ce Rukayya 'yar aji biyar, daga Ɗanzomo, mai zama a bencin ƙarshe jikin taga. Na san ba ki san ni ba. Tun da aka kawo ni Gumel sau ɗaya na taɓa ɗaga hannu a aji, shi ma ranar da kunama ta hau mini ƙafa ne. Kukana a kan littafina ne, kuma na kasa shi huɗu.

Na ɗaya. Ni ba na iya rubuta labari a sabon littafi, farar takarda tsoro take ba ni. Sai dai in kifa littafin lissafina in fara daga baya. Lissafi na tahowa daga gaba, labari na tahowa daga baya, a haka suke zaune lafiya tun zangon farko. Ranar wata Talata, mako uku ke nan, Malam Sabo, malamin lissafinmu, ya ce a tara littattafai zai duba aiki. Na miƙa nawa, wallahi na manta da abin da ke bayansa. Washegari aka raba wa kowa ban da ni. Ya kira ni ofishin malamai ya ce an ƙwace, an haɗa shi da jan-baki da turaren da ake ƙonawa a ramin bayan kicin ranar tafiya hutu. Takalmansa kawai na yi ta kallo. Yau saura kwana goma sha biyu a tafi hutu.

Na biyu. Doka ta ce kada a shigo da littattafan soyayya makaranta, kuma ban shigo da ko ɗaya ba. A gida nake karanta su, cikin tsohuwar akwatin Gwaggota. Halina shi ne shafin ƙarshe nake fara buɗewa; in na ga wani ya mutu, sai in mayar da littafin in ɗauki wani, zuciyata ba ta ɗauka. To amma na gaji da saurayi mai motoci uku da gidan gilashi, kullum a Kano ko Abuja, kamar mu nan ba a iya son mutum ba. Shi ya sa na ƙirƙiro Bashari, mai kai raƙuma kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da Zuwaira mai suyar awara a tashar Gagarawa. Ranki ya daɗe, shafi arba'in da shida, duk abin da ya iya ce mata bai wuce sannu da aiki ba. Ita ma a kan benci take ajiye masa awarar don kada hannu ya taɓa hannu. In akwai rashin tarbiyya a ciki, a nuna mini layin.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Littafin da aka ce bai dace a karanta ba, karanta shi ake yi. Makon jiya Malam Sabo ya ba mu lissafi a allo, wai wani ɗan kasuwa ya bar Maigatari da raƙuma bakwai, ɗaya gurgu. Raƙuman Bashari bakwai ne, ɗaya gurgu, shafi na talatin. Ƙawata Maryam, da ke sharar ofishin malamai, ta ga littafin a kan teburin Malamar Hausa da tsinken tsintsiya a tsakiyarsa. Ni dai ban san ana sa wa abin da za a ƙona alama don kada shafi ya ɓace ba. Kwanakin baya kuma Malamar da kanta ta tsayar da ni a bakin famfo, ta waiga hagu da dama, ta tambaye ni a hankali ko Bashari zai dawo daga Damagaram. Ina nan tsaye har bokitina ya cika ya zube.

Na huɗu. Gaban littafin akwai duk lissafin da na kwafa tun farkon shekara, ga jarrabawa ranar Litinin. Wannan ita ce hujjar da Maryam ta ce in fi ƙarfafawa. Amma tunda gaskiya na zo faɗa, bayan ne ke hana ni cin abinci. Shafi shida ne kacal suka rage tsakanin lissafin da labarin, kuma a cikinsu ƙarshen zai shiga. Ni da ke fara karatu daga shafin ƙarshe, ga littafi guda a duniya da ban san ƙarshensa ba. Na gwada ci gaba a wata takarda, Bashari ya ƙi motsi. Mako uku yana tsaye a bakin iyaka da gurgun raƙumi, ita kuma tana ta leƙen kowace mota.

Saboda haka ina roƙo a cire littafina daga kayan ƙonawa. Na yarda sau biyu na yi rubutu Malam yana tsakiyar darasi. A ba ni shara ko yankan ciyawa, zan yi ba ƙorafi. In ba za a bar labarin a hannuna ba, a ajiye shi a ofishinki, in riƙa zuwa bayan an tashi ina cike shafukan nan shida a gabanki. Masu karantawa kuma ba na fushi da su, sai dai a daina lanƙwasa mini kunnen shafi. Malamar Hausa, in kin karanta wannan, ki gafarce ni, amsar tambayarki tana hannun Hajiya.

Allah Ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, Ya raya miki zuriya, Ya sa ki gama aiki lafiya.

Sau huɗu na sake kwafe wasiƙar nan, kwana uku tana cikin hijabina ina wuce ƙofarki ina komawa. Maryam ta riga ta ƙwace kwafi ɗaya, ta ce gobe za ta liƙa a allon sanarwa ko na so ko ban so ba. Da safen nan kuma na ga Baba mai gadi yana gyara ramin. Don haka ana buga ƙararrawar tara zan yi sallama in miƙa miki da hannu biyu. In kin yi mini tambaya na yi shiru ina kallon takalmanki, ba raini ba ne, iya maganata ke nan a takarda.

Wassalam.

Ɗalibarki mai biyayya,
Rukayya, aji biyar