Abin da Marsilin Ya Ji a Ƙarƙashin Ruwa

Pulluvila, 9 ga Maris, 1972

Zuwa ga Velayudhan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan ƙunar hannunka tana warkewa. Ni ne Kurisappan masunci, uban Marsilin. Fadan cocinmu ne ya samo mini adireshinka. Ya ce ɗaki ɗaya kuke aiki da ɗana a jirgin yaƙin da ya nutse, kai ka fito, shi bai fito ba. Ba kuka na kawo maka ba, wannan uwarsa ta ɗauke mana. Tambaya gare ni.

A gaɓarmu mutum kan tsoma filafilin tuƙa kwalekwale a ruwa, ya kara kunne a ƙotarsa, ya gaya maka wane kifi ne a ƙasa. Ni na koya wa Marsilin, kuma tuni ya fi ni. An ce aikinsa ke nan a jirginku, sauraron jiragen abokan gaba masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Wai da me kuke saurare? Ƙarfe kunne gare shi?

Yanzu a shagon shayi ana cewa mai sauraren barci ya yi, shi ya sa mutane da yawa suka halaka. Uwarsa ta daina kai kifi kasuwa don kunya. Gaya mini, ya ji ko bai ji ba?

Ka huta lafiya.
Kurisappan

Palakkad, 21 ga Maris

Baba mai daraja,

Ina taɓa ƙafafunka don girmamawa, ina gaishe da Mama. Hannu da sauƙi.

Ƙarfe yana da kunne, Baba. A ƙarƙashin jirgi yake, shi ke kawo mana duk motsin ruwa ta wata waya da muke maƙalawa a kunnuwa. Aikinmu rakiyar jiragen mai da na shinkafa, kada a harbe su a hanya. Kafin zuwan Marsilin mun taɓa zuba wa garken kifi bam shida. Kwana uku muna cin abin da muka kashe, sauran jirage suna yi mana dariya. Da ya zo sai abin ya ƙare. Na'ura na yin ƙara kyaftin zai ce, "Ku tambayi masunci." Shekara biyu bai kuskure ba. Ni kuwa "ɗan gona" yake ce mini, wai kunnena kukan bauna kawai ya sani.

Masu shayi ƙarya suke yi. Da rana tsaka abin ya faru, ina zaune kusa da shi, idonsa biyu.

Ɗanka mai biyayya,
Velayudhan

Pulluvila, 2 ga Afrilu

Ɗan gona,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka a shagon shayi da babbar murya, har sau biyu, kowa ya sunkuyar da kai. Na gode.

Amma shekara arba'in ina ganin yadda ake shimfiɗa kifi mai kyau a saman kwando. Ni ƙasan nake son gani. Cewa na yi ya ji ko bai ji ba, kai kuma ka ce idonsa biyu. Da ido ake ji a garinku? In an ji wata ƙara, kwatanta mini ita dalla-dalla.

Allah ya kiyaye ka.
Kurisappan

Palakkad, 19 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Sau uku ina yaga wannan takarda.

An ji ƙara. Kamar ana soya kifi a cikin mai, can ƙarƙashinta kuma wani bugu, dum, dum, dum, a jere, ba ya gaba ba ya baya. Ni na fara ji, na ce, "Masunci, mene ne wannan?" Ya karɓi waya, ya rufe ido ya daɗe. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kifin kora ne, mai buga ganga da cikinsa. Lokacinsa ne. Da babana na nan da ya haukace." Kyaftin ya tambaya daga sama, aka ce masunci ya ce kifi ne. Muka ci gaba da tafiya ba mu kauce ba.

Ya aike ni in kawo mana shayi. Ina kan matakala aka buge mu, sau biyu. Kafin a ce kwabo ruwa ya cinye jirgin. Ɗakinmu a can ƙasa yake.

Masu bincike sun tambaye ni, na ce ban tuna komai ba. Kai kaɗai na gaya wa. Ni ma har yau tambayar na cina: da kai ne, Baba, da ka gane?

Ka yafe mini.
Velayudhan

Pulluvila, 1 ga Mayu

Ɗana,

Gaisuwa. Da na gane. Kora yana bugu, ya tsaya, ya rikice, ya sake. Kifi ba ya riƙe kiɗa. Duk abin da ka ji yana bugu a jere ba fashi, hannun mutum ne ya ƙera shi.

Amma ni ma ban san haka ba sai da kwalekwale masu inji suka shigo gaɓarmu, bayan ya tafi aikin soja. Lokacin da na koya masa babu inji ko ɗaya a ruwanmu. Shekara huɗu ina rubuta masa takarda, duk a kan maganar aure. Na ɗauka mai na'urar gwamnati ba ya bukatar maganar tsoho. Abin yana cin raina ƙwarai.

Uwarsa ta koma kasuwa. Jiya ta tsare ni a ƙofa, ta ce me abokin yaron ya rubuto. Na ce mata, "Ya ji." Ta yi alamar gicciye ta ɗauki kwandonta. Ba ta tambayi sauran ba, ni ma ban ƙara ba.

In hannu ya warke ka zo, in kara maka filafili a kunne.

Babanka,
Kurisappan